In Likita Ya Ce Jijiyar Kanka Ta Kumbura

Maigida, ka san tiyub ɗin keke. In ya tsufa wani wuri ya kan yi rauni, kana ba shi iska sai ka ga ƙullutu ya taso a gefe. To, haka ta kan faru ga jijiyar da ke kai jini cikin ƙwaƙwalwa, galibi a daidai inda ta yi rassa. Likitoci na kiran wannan ƙullutu aniyurizim. Cikin manya 100, wajen 3 suna ɗauke da shi, yawancinsu kuwa har su tsufa ba su sani ba, bai kuma fashe ba. Sau da yawa a kan gano shi ne sa'ad da aka ɗauki hoton kai saboda wani dalili dabam, kamar faɗuwa daga kan babur.

Watakila likita ya ce maka ba za a yi aiki ba tukuna, za a sa ido ne kawai. Kada ka ɗauka ya raina ciwonka, ko kuwa don ya ga ba ka da kuɗi ne. In ƙullutun ƙarami ne, bai kai milimita 7 ba, watau bai kai ƙwayar wake ba, sau da yawa yin aikin ya fi barinsa haɗari. Amma sa ido ba mantuwa ba ne. Za a ba ka ranar komawa a sake hoto, galibi bayan wata 6 ko shekara guda. Lalle ka koma, ko da ranar ta faɗo tsakiyar girbi. In an ga ya ƙaru ko ya sake kama, akwai dabara. Ana iya buɗe kai a matse wuyansa da ɗan ƙarfe, aikin da wani likitan Amurka, Walter Dandy, ya fara a 1937. Tun farkon shekarun 1990 kuma ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har kai, a cushe ƙullutun da lallausar waya.

A gida, abu biyu ne manyan abokan gābanka: taba da hawan jini. Taba na cinye ƙarfin jijiya, hawan jini na ba ta iska fiye da kima. Bar taba ɗungum, rage ta bai isa ba. Ka riƙa zuwa shan magani ana gwada jininka, in an ba ka ƙwayoyi ka sha kullum. Mutane da yawa su kan daina da zarar sun ji garau, alhali hawan jini ba ya yin sallama. Ke kuma uwargida, tukunya a hannunki ta ke. Gishirin da ya kamata mutum ya ci a yini bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma ki tuna dunƙulen miya da kanwa duk dangin gishiri ne. In ke ce mai ƙullutun kuma kika sami ciki, gaya wa ungozomar asibiti tun awon farko.

Bayan wannan, ka ci gaba da nomanka da cin kasuwarka. Ba a ce ka kwanta ba. Game da ɗaukar buhu mai nauyi, tambayi likitanka, shi ya ga hotonka. Ba kuma kowane ciwon kai ne na fashewa ba. Na rana da na yunwa da na gajiya su kan zo a hankali, su tafi a hankali.

Wanda ba a jira da shi dabam ya ke. Ya kan zo farat ɗaya kamar an maka wa mutum taɓarya a ƙeya, kafin minti guda ya kai matuƙa, mai shi ya ce bai taɓa jin irinsa ba. Ya kan zo da amai, wuya ya sanƙare, ido ya ƙi haske. Wani ya kan suma ko ya yi ta jijjiga. In fatar ido ɗaya ta sauko, ko yana ganin abu biyu biyu, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya mutu, ko magana ta sarƙe, duk a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Wani lokaci ciwon ya kan lafa bayan 'yan sa'o'i, a ce an samu sauƙi. A tafi duk da haka. Ɗan yoyo ne ya tsaya, ya kan kuma dawo da ƙarfi, haɗarin ya fi yawa a yinin farko. Cikin waɗanda nasu ya fashe, ɗaya cikin uku ko fiye ba su tashi.

Mun san abin da a kan ce a ƙauye in mutum ya faɗi haka: iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa. Sai a tsaya turare da tsaga, rana ta faɗi. Jini ne ke zuba cikin kai, tsaga a goshi ba ta isa wurin. Wasu kuma su ce sanƙarau ne, don shi ma yana sanƙarar da wuya. Ko shi ne ma, ai asibiti za a nufa.

Kafin mota ta zo, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko jiƙo, kada a cusa masa cokali a baki in yana jijjiga. Kada a ba shi asfirin, tana hana jini daskarewa. Wani ya duba agogo ya riƙe lokacin da ciwon ya soma, likita zai tambaya.

Tun yau ka shirya. Ka gaya wa matarka da babban ɗanka abin da likita ya ce. Ka yi magana da mai mota a garinku, ka ajiye lambar wayarsa da ɗan kuɗin mai. Ka tambayi likita asibitin da za a nufa kai tsaye, gama ƙaramin asibiti ba shi da na'urar hoton kai. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna manyan asibitocin koyarwa ne, irin su na Aminu Kano a Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Katin asibiti da hotunan kanka ka sa su cikin leda ɗaya, a wurin da kowa a gidan ya sani, don wanda zai raka ka ya ɗauka ko cikin duhu.