Matsayin Mata a Koyarwar Kalbin da Dalilin Yanke Ƙauna Daga Shugabanni

Daga Wakilinmu

A garin Vom, kusa da Jos, akwai kabarin wata Ba'amurkiya mai suna Johanna Veenstra, wadda ta rasu a 1933 tana da shekara 38. Ta sauka Legas a 1920 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SUM, sa'an nan ta zauna a Lupwe, kusa da Takum, tana wa'azi, tana koyar da karatu, tana kuma ba da magani. Aikin da ta fara shi ne tushen ikkilisiyar CRCN mai hedkwata a Takum, har an sa sunanta ga makarantar horar da fastoci ta Donga. Abin mamaki shi ne, a ikkilisiyar da ta fito, watau CRC ta Amurka da Kanada, mace ba ta da ikon jefa ƙuri'a a taron majami'a sai a 1957, shekara 24 bayan rasuwarta.

Don a fahimci yadda haka ta faru, tilas a koma ga malamin da wannan ɗarika take bi, Jon Kalbin, Bafaranshen da aka haifa a 1509, ya rasu a Janiba ta ƙasar Suwizalan a 1564.

ABIN DA KALBIN YA KOYAR

Kalbin ya koyar da cewa an halicci mace cikin siffar Allah kamar namiji, kuma ceto kyauta ce wadda ba ta zaɓen jinsi. A Janiba ta zamaninsa an ba mace ikon neman a raba aure idan mijinta ya yi zina, daidai da ikon da namiji yake da shi, abin da ba a saba gani ba a Turai ta lokacin. Amma duk da haka ya tsaya a kan cewa tun daga halitta an ɗora namiji a kan shugabanci, a gida da majami'a, yana kafa hujja da wasiƙun Manzo Bulus, musamman ta farko zuwa ga Timoti. Saboda haka mace ba ta hawa mumbari, ba ta kuma zama dattijon ikkilisiya.

Sai dai a babban littafinsa na tauhidi ya lissafa yin shirun mata a majami'a cikin al'amuran tsari da ladabi, waɗanda ceto bai rataya a kansu ba. Wata masaniya Ba'amurkiya, Jane Dempsey Douglass, ta yi littafi a 1985 tana cewa wannan ƙofa ce ya bari a buɗe, wasu masana kuwa suka ce ta ɗora wa maganar abin da ba ta ɗauka ba.

Tun yana da rai aka fara gardamar. A 1539 wata mace a Janiba, Marie Dentière, ta wallafa wasiƙa tana kare 'yancin mata na yin magana a kan Littafi Mai Tsarki, hukuma ta ƙwace littafin. A 1558 kuma abokinsa Jon Noks na Sikotilan ya yi littafi yana la'antar sarautar mata, Sarauniya Elizabet ta Ingila ta fusata, fushin ya shafi Kalbin kansa.

SHEKARA 25 ANA JA-IN-JA

A CRC an naɗa kwamitin nazarin maganar a 1970. A 1984 aka tabbatar wa mata muƙamin dikon. Babban taron 1990 ya yarda a buɗe musu dukan muƙamai, na 1992 ya ƙi zartarwa, na 1994 ya hana. Sai a 1995 aka bar wa kowace gunduma zaɓi, a 1996 aka naɗa Ruth Hofman fasto a Toronto. A shekarar nan kuma waɗanda ba su yarda ba suka kafa tasu ƙungiyar daban. Matan da suka kammala karatun tauhidi sun yi shekaru suna jira, yau a ce i, gobe a ce a'a, har wasu suka gaji suka koma wasu ɗarikoki. A Holan kuwa, jam'iyyar siyasa ta SGP mai bin wannan koyarwa ba ta yarda mace ta tsaya takara ba sai a 2013, bayan kotu ta tilasta mata.

INDA ƘAUNA TA YANKE

Abin da ya fi ɓata ran mabiya shi ne halin wasu shugabanni. Mark Driscoll, wanda ya kafa majami'ar Mars Hill a birnin Siyatil a 1996, ya yi suna wajen wa'azin shugabancin namiji da kakkausan harshe, jama'a fiye da 10,000 suna halartar rassanta. A 2014 dattawan da suka binciki ƙorafin da aka yi a kansa suka same shi da girman kai, da saurin fushi, da mulkin danniya, ko da yake ba su same shi da fasiƙanci ba. Ya yi murabus a watan Oktoba, kafin shekara ta fita majami'ar ta watse.

A 2020 kuma wata marubuciya, Aimee Byrd, ta fitar da littafi tana tambayar ko ba a wuce gona da iri ba wajen koyar da biyayyar mata, alhali ba ta nemi a naɗa mace fasto ba. Sai aka gano cewa wasu fastoci da dattawa suna yi mata ba'a a wani rukuni na Facebook. Ta bi hanyar ƙara ta ikkilisiya, daga bisani ta bar ɗarikar.

A nan ne maganar ta yi nauyi. Ginshiƙin koyarwar Kalbin shi ne zunubi ya ɓata kowane ɗan Adam, malami da jahili, don haka ba a sakar wa mutum ɗaya ragama. Shi ya sa ya kafa majalisar fastoci da dattawa su riƙa tsawata wa juna. To, idan majalisar nan maza ce zalla, mai ƙara kuwa mace ce, wanda take ƙara kuma abokin zaman alƙalan ne, wa zai tsaya mata? Masu riƙe da tsohuwar fahimta suna cewa laifin na mutane ne, koyarwar ba ta da aibu, shugabanci na gari ma hidima ce da kariya. Masu suka kuwa suna cewa tsarin da ya hana rabin jama'a kujera shi ne yake rufa wa mai laifi asiri.

Har yanzu ɗarikokin Kalbin ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Wasu, irin su Cocin Sikotilan, suna naɗa mata tun ƙarshen shekarun 1960, wasu kuwa sun tsaya inda Janiba ta tsaya. Amma ɓangarorin biyu suna alfahari da irin aikin da Johanna Veenstra ta yi a Lupwe, ita da ta rasu ba a taɓa ƙirga ƙuri'arta a majami'ar da ta rene ta ba.