Maƙoƙo: Abin da Ya Kamata Mai Jiran Tiyata Ya Sani

Jama'ar Ɗan Gulbi da kewaye, manoma da makiyaya, maza da mata, a wannan fitowa za mu yi bayani a kan maƙoƙo. Kowa ya san wannan kumburi na gaban wuya. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne zaman jira. Likita ya duba mutum a Dakwaro ko a Maraɗi, ya ce sai an yi aiki, ya sa rana. Ranar tana iya kai wata guda, ko biyu, ko fiye. Mutum ya koma gida da takarda a hannu, da tsoro a zuciya. Me zai ci? Yaya zai kwanta? Ina zai samo kuɗi? Wa zai riƙe masa gona?

Wannan lokaci na jira yana da aikinsa. Yadda aka yi shi ne yake sa tiyata ta zo da sauƙi ko da wahala.

Mene ne maƙoƙo?

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka mai laushi. Likitoci suna kiranta tiroyid. Siffarta kamar malam-buɗe-littafi. Nauyinta kamar giram 20 ne a jikin babba. Tana fitar da wani sinadari cikin jini, wanda yake daidaita bugun zuciya, da zafin jiki, da kuzari, da girman yaro da basirarsa.

Wannan tsoka ba ta aiki sai da iyode, wanda a Najeriya ake kira aidin. Abin da jiki yake bukata kaɗan ne ƙwarai. Duk tsawon rayuwar mutum bai wuce cokalin shayi ɗaya ba. Amma dole ya riƙa shiga jiki a kai a kai. Idan ya yi ƙaranci, sai tsokar ta yi ta ƙoƙari, ta yi ta girma. Wannan girma shi ne maƙoƙo.

Iyode ya fi yawa a teku da kifin teku. Ƙasarmu Nijar tana nesa da teku, ƙasar nomanmu kuma ba ta da shi da yawa. Saboda haka hatsin da ya tsiro a cikinta, da ruwan rijiyarta, da nonon dabbar da ta yi kiwo a kanta, duk ba su da isasshe. Binciken da aka yi a makarantun Nijar a 1994 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin uku yana da maƙoƙo, babba ko ƙarami. A 1995 gwamnati ta kafa dokar gishiri mai iyode. Ƙasar Suwis ta fara wannan dabara tun 1922, kuma maƙoƙo ya ragu ƙwarai a can.

Akwai wasu dalilai ban da ƙarancin iyode. Wani lokaci jiki da kansa yake tayar wa tsokar. Wani lokaci ƙulli ne yake fitowa a cikinta. Mata sun fi maza kamuwa, musamman bayan ciki da haihuwa. Maƙoƙo ba sammu ba ne, ba maita ba ne. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya ko shan ruwa a moɗa ɗaya. Mafi yawan maƙoƙo kuma ba ciwon daji ba ne.

Me ya sa ake sa mutum ya jira?

Ba kowane maƙoƙo ake yi wa aiki ba. Ana yin aiki idan ya danne hanyar numfashi ko hanyar abinci, ko yana girma da sauri, ko likita yana shakkar ƙullin da ke ciki, ko magani ya kasa.

Kafin aiki akwai gwaje-gwaje. Ana auna jini don a ga ko tsokar tana aiki daidai. Ana ɗaukar hoton wuya da na'ura don a ga girman kumburin da abin da ke cikinsa. Wani lokaci ana sa siririyar allura a ɗebo ɗan abin da ke ciki a bincika. Asibitin karkara, wanda ake kira CSI, ba ya yin waɗannan duka. Shi ya sa ake tura mutum asibitin Dakwaro, daga nan zuwa Maraɗi, mai nisan kamar kilomita 120. Wasu sukan tafi Galmi, wasu Yamai.

Babban dalilin jira shi ne wannan: a jikin wasu, tsokar tana aiki fiye da ƙima. Zuciya tana bugawa da sauri, hannu yana rawa, gumi yana zuba, mutum yana ci amma yana ramewa, barci ba ya zuwa, fushi yana kusa. Idan aka yi wa irin wannan mutum aiki haka nan, zuciyarsa tana iya tashi, ransa ya shiga haɗari. Dole sai an kwantar da tsokar da magani tukuna. Wannan yakan ɗauki sati huɗu zuwa takwas, wani lokaci fiye. Saboda haka in likita ya ce a jira, ba wulaƙanci ba ne. Ranka yake tsarewa.

Shan magani

Maganin da aka fi bayarwa don kwantar da tsokar sunansa karbimazol. Wasu ana ƙara musu wani mai rage gudun zuciya, sunansa furofuranolol. Ga ƙa'idodin da za a kiyaye:

1. A sha magani kullum, a lokaci ɗaya. Kada a bari don an ji sauƙi.
2. Idan magani ya kusa ƙarewa, a nemo wani tun da sauran na sati guda.
3. A saya a gidan magani na hukuma, da takardar likita. Na ƴan talla da ke yawo a kasuwa cikin rana ba abin dogara ba ne.
4. Mai shan karbimazol, in ya ji zazzaɓi tare da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ya dakatar da maganin, ya je asibiti a ranar a auna jininsa. Maganin yakan rage ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta a jikin wasu ƴan kaɗan.
5. Mace mai ciki, ko mai tsammanin ciki, ko mai shayarwa, ta gaya wa likita tun farko.
6. Mai asma, mai hawan jini, mai ciwon sukari, da mai shan asfirin kullum, duk su faɗa. Wanda yake shan sassaƙe ko jiƙo shi ma ya faɗa, kada ya ji kunya.

Cin abinci idan haɗiya tana wuya

Hanyar abinci tana bayan hanyar numfashi. In maƙoƙo ya girma, yakan matse su. Mutum ya ji kamar loma ta tsaya. Daga nan sai ya fara gudun abinci, ya rame. Jikin da ya rame kuwa ba ya jure aiki, rauninsa ba ya saurin warkewa. Lafiya uwar jiki, abinci kuma shi ne uwar lafiya.

A ci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. A zauna a miƙe, kada a ci a kishingiɗe. A yi ƙananan lomomi, a tauna sosai, a haɗiye ɗaya kafin a ɗauki wata. Kada a yi surutu da loma a baki. Bayan an gama, a zauna rabin awa kafin a kwanta.

Abincin da ya dace yana nan a gidajenmu. Kunu da koko masu kauri, a zuba musu ƙullin gyaɗa ko nono. Fura da aka dama ta yi sumul, ba gudaji. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, domin yauƙi yana taimakon haɗiya. Wake da ya dahu ya farfashe. Dafaffen ƙwai da aka murtsuke cikin miya. Kabewa, dankali, da ganyen zogale da aka daka aka sa a miya. Nama kuwa a dafa shi har ya yi laushi, a daka.

A rage busasshen abinci: ƙuli-ƙuli, kilishi, soyayyar gyaɗa, aya, busasshen dambu, da kifi mai ƙaya. In ƙwayar magani tana tsayawa a wuya, a tambayi likita ko ana iya raba ta.

Masana sun gano cewa gero da rogo suna da wani abu da yake rage wa jiki amfani da iyode. Wannan ba dalili ba ne na barin hatsi, domin shi ne abincinmu. Illar tana fitowa ne inda iyode ya yi ƙaranci. Rogo mai ɗaci kuwa a fere shi, a jiƙa, a dafa sosai.

A lura: ba kowace wahalar haɗiya ce maƙoƙo ba. Wanda tuwo ya fara tsaya masa, daga baya kunu, daga baya ruwa, yana kuma ramewa, ya je asibiti da gaggawa ko da wuyansa bai kumbura ba.

Kwanciya da aiki

Wanda numfashi yake yi masa nauyi da dare ya tada kansa da matashi biyu, ko ya kwanta ta gefe. A saki wuyan riga da ɗaurin mayafi. A nisanci hayaƙin murhu da taba. Mai saurin bugun zuciya ya rage shayi mai ƙarfi, da kofi, da goro. Ya bar noma cikin tsakar rana. Mata su rage ɗaukar kaya masu nauyi a ka.

Abin da ba a yi wa maƙoƙo

Kada a kai wuya wurin wanzami. Kada a yi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya, ko lalas. Maƙoƙo ba maruru ba ne. Cike yake da jijiyoyin jini, kuma manyan jijiyoyin wuya suna kusa da shi. Wuƙa ɗaya tana iya jawo zubar jinin da ba a iya tsayarwa. Tabon ƙuna da miki kuma suna ƙara wa likita wahala ranar aiki, har su sa a ɗaga ranar.

Kada kuma a ƙara gishiri a miya da nufin maƙoƙo ya sace. Gishiri mai iyode rigakafi ne ga yara da masu ciki. Tsohon maƙoƙo mai ƙulli ba ya narkewa da shi. Iyode mai yawa yana iya tayar da tsokar, gishiri mai yawa kuma yana kawo hawan jini.

Alamun da ba a jira da su

In ɗaya daga cikin waɗannan ta bayyana, kada a jira ranar da aka sa. A tafi asibiti mafi kusa, ko da dare ne, tare da takardu:

1. Numfashi yana fita da ƙara, ko mutum ya kasa kwanciya.
2. Kumburin ya ƙaru farat ɗaya, da ciwo.
3. Ruwa ko miyau ya ƙi haɗiyuwa.
4. Murya ta dishe kwana da kwanaki ba tare da mura ba.
5. Zazzaɓi mai zafi, da gudun zuciya, da ruɗewa.

Shirin gida da gona

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A tara iyali a gaya musu gaskiya. A tambayi asibiti kuɗin aiki, da na gwaji, da na magani, da na gado, a rubuta a takarda. A ƙara kuɗin mota da abincin mai jinya. Ga amfanin karatu nan.

Wanda ya san kuɗin tun da wuri yana iya shiri cikin natsuwa. Ya ware buhun wake ko na gyaɗa. Ya turke rago ko ɗan akuya. Wanda bai shirya ba shi ne yake sayar da hatsin rumbu da araha, ko ya jinginar da gona. Mata suna da asusunsu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a jihar Maraɗi a 1991, an kafa su ne don irin wannan rana.

In likita ya ce babu gaggawa, ana iya roƙonsa ya sa rana bayan kaka, lokacin da amfani ya shigo gida. In kuwa ya ce da gaggawa, kada a ce sai an gama noma. A kira gayya, maƙwabta su riƙe gona. Damina tana dawowa.

A zaɓi mai jinya mai haƙuri. A shirya ƴan uwa biyu masu lafiya, ko za a bukaci jini. A bar wa asibiti lambar salula mai aiki. A ajiye duk takardu da hotuna cikin leda guda. Daren aiki, a bi umurnin likita kan lokacin barin ci da sha.

Tsoro da tambaya

Jin an ce za a sa wuƙa a wuya abin tsoro ne. Amma aikin ba sabo ba ne. Wani likitan Suwis mai suna Kocher ya yi wa dubban mutane shi, har aka ba shi kyautar Nobel a 1909. Ana sa mutum barci, ba ya jin komai. Yawanci kwana kaɗan ake yi a asibiti. Tabon yakan bi layin wuya, ya dushe a hankali.

Mai jira yana da haƙƙin tambaya. Za a cire rabin tsokar ne ko duka? In an cire duka, mutum zai riƙa shan ƙwaya ɗaya, lebotirokisin, kowace safiya kafin karin kumallo, har ƙarshen rayuwarsa. Sai a sa kuɗinta cikin lissafin shekara. Murya takan dishe bayan aiki, yawanci ta dawo. In an ji leɓe ko yatsu suna tsira kamar kiyashi na tafiya, a gaya wa likita nan take, akwai magani. Daka, da jan ruwa, da ɗaukar kaya sai likita ya ba da izini.

Iyali su lura: saurin fushin mai ciwo da rashin barcinsa daga ciwon suke. A yi haƙuri da shi. Kada a ware masa kwano. Kada miji ya juya wa matarsa baya saboda wuyanta.

Sauran gida

Inda mutum ɗaya ya yi maƙoƙo don ƙarancin iyode, sauran ƴan gidan tukunya ɗaya suke ci da shi. Yaron da bai samu iyode ba tun yana ciki yakan taso da rauni a girma da fahimta. Dabbobi ma haka: tunkiya ko akuya takan haifi ɗa mai kumburin wuya, marar ƙarfi. Gishirin gargajiya, irin su kantu da bezar Bilma da na Foga, yawanci ba a sa musu iyode a inda ake haƙo su. Don miya, a nemi gishirin da aka rubuta iyode a jikin buhunsa. A zuba shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da danshi, domin iyode yana gudu.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba. In a unguwarku akwai mai jiran aiki, ku leƙa shi, ku tambaye shi ko maganinsa yana nan, ku tuna masa ranarsa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba mu damina mai albarka.