Wai Allurar Asibiti Tana Tabbatar da Hauka?

Wani saƙon murya yana ta yawo a wayoyin mutanen Kangire, har ya kai majalisun Birnin Kudu da Gwaram, inda wani bawan Allah da bai ambaci sunansa ba, balle malamin da ya durƙusa a gabansa, yake yanke hukunci a kan taɓin hankali ba tare da hujja ko dalili ba. Cewar da ya yi ana ɗaukar ciwon ta hanyar cin tuwo a akushi ɗaya, wannan shirme ne. Cewar da ya yi wiwi yana iya jawo shi, wannan gaskiya ce, illa dai ba duk majinyaci ne ɗan shaye-shaye ba, domin mai jego ma yana kama ta.

Abin da ya fi muni shi ne da'awarsa cewa duk wanda iska ta taɓa, muddin aka yi masa allura, to haukansa ya tabbata, gara a sa shi a mari a ci gaba da hayaƙi. Ba na zargin uwar da ta gaskata wannan, domin ita ce ta ga ɗanta ya dawo daga asibiti wuyansa a sandare, hannuwansa suna karkarwa, yawu yana zuba, yana barci har azahar. Amma waɗannan illolin tsofaffin magunguna ne, irin su chlorpromazine da aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, kuma likita yana iya rage ƙima, ko ya canja magani, ko ya ƙara wani da zai warware jijiyoyin. Abin da bincike ya tabbatar kishiyar maganar mutumin nan ne: gwargwadon jinkirin kai sabon kamu asibiti, gwargwadon wahalar samun sauƙinsa, kuma akasarin waɗanda aka yanke wa magani farat ɗaya ciwon yakan dawo musu. Likitoci ba su ce kowa zai warke sarai ba, amma da yawa sun koma gona da kasuwa.

Haɗa addu'a da magani kuwa ba bidi'a ba ce. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma fuƙaha'u sun yi ittifaƙi cewa majanuni ba mukallafi ba ne, to da wane laifi za a doke shi? A Aro ta Abeokuta, Dokta Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a gidajen ƙauye tun 1954, yana aiki da masu maganin gargajiya, ba tare da ya bar allura ba. Inda aka zaɓi mari kuwa mun ga ƙarshensa a Rigasa ta Kaduna a 2019, sa'ad da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa.

Saboda haka, wanda ɗansa ya fara sambatu, ya daina barci, yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ya kai shi Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, ko na masu taɓin hankali a Kazaure ko Dawanau, ya ci gaba da ruƙyarsa a gida. Saƙon nan kuma, don Allah, kada a tura wa kowa.