Doki 95 ko Lita 3.5? Alƙaluman da Mai Sayen Babban Babur a Wudil Ya Kamata Ya Karanta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Wudil ranar Juma'a ya san cewa babur ne jakin wannan zamani. Boxer da Jincheng ke ɗauko buhun hatsi daga Darki da Lajawa, su ke kai ɗalibai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, su ke ratsa tsakanin tirelolin shanu a bakin kara. Sai dai idon matasa masu ɗan abin hannu ya fara komawa kan wani aji na daban: manyan baburan da injinsu ke tsakanin cc 470 da 700, waɗanda ba a lulluɓe jikinsu da roba ba, inji da ƙarfe duk a fili. Mu kira su babura marasa riga.

Abin da aka fi tambaya a majalisa shi ne, "Doki nawa ne?" Wannan nazari ya bi takardun kamfanonin da kansu, samfurin 2021 zuwa 2023 na kasuwar Turai, domin a ga wace lamba ce ke da amfani a kan hanyoyinmu.

Baburan guda biyar

Honda CB500F: cc 471, doki 47, kilo 189, tanki lita 17.1.
Kawasaki Z650: cc 649, doki 68, kilo 188, tanki lita 15.
Suzuki SV650: cc 645, doki 73, kilo 200, tanki lita 14.5.
Yamaha MT-07: cc 689, doki 73, kilo 184, tanki lita 14.
Honda CB650R: cc 649, doki 95, kilo 202, tanki lita 15.4.

Huɗun farko silinda biyu-biyu gare su, CB650R kaɗai ke da huɗu. Ma'auninmu kuwa shi ne Boxer 150 da kowa ya sani: doki 12, nauyi kilo 120 da 'yan kai.

Doki nawa ke jan kilo 100

Ƙarfin doki ba ya faɗin komai sai an raba shi da nauyin da yake ja. A Boxer 150, kowane kilo 100 yana samun doki 10. Corolla mai inji 1.8, irin wadda ta cika hanyar Kano, tana da kamar 11. CB500F yana da 25, Z650 da SV650 kimanin 36, MT-07 yana da 40, CB650R kuwa 47.

Wato mafi sanyi a cikin biyar ɗin ya ninka Boxer sau biyu da rabi, ya kuma ninka motar gida fiye da sau biyu. Wanda ya sauko daga Boxer ya haye CB650R ya ninka abin da hannunsa ya saba da shi kusan sau biyar a rana ɗaya. Hannun da ya saba murɗa totur har ƙarshe kafin babur ya motsa, shi ne abin tsoro a nan.

A ina ƙarfin yake zaune

Doki 95 na CB650R ba sa bayyana sai inji ya kai juyi 12,000 a minti. Kafin allura ta kai can a giya ta uku, gudun ya riga ya wuce abin da hankali zai ɗauka a hanyar da akuya, amalanke da mai tallan rake ke tsallakawa. Dokar hanya ta Najeriya ta sa iyakar kilomita 50 a sa'a a cikin gari.

Lambar da ta fi dacewa da mu ita ce ƙarfin ja, wanda ake rubutawa da Nm. Shi ne ke fizgar babur daga tsaye, shi ke wuce tirela ba tare da an sauko da giya biyu ba. MT-07 yana ba da Nm 67 a juyi 6,500. Z650 yana ba da 64 a 6,700, SV650 ma 64 a 6,800. CB650R, duk da yawan dawakinsa, 63 yake bayarwa, kuma sai ya hau sama da juyi 8,000. CB500F yana da 43 a 6,500.

Ke nan a gudun yau da kullum, masu silinda biyu sun fi amsa kira da wuri. Ƙarin doki 22 da CB650R ya fi MT-07 da su, a barga za su yi ta kwana, amma kullum sai an ba su harawa.

Harawar kuwa fetur ce

Tun 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mu ɗauki naira 1,000 domin sauƙin lissafi. Mu kuma ɗauki ma'aikacin da ke zuwa Kano ya dawo, kimanin kilomita 90 a rana, kwana 22 a wata: kilomita 1,980.

A gwajin kamfani, CB500F yana shan lita 3.5 a kilomita 100, MT-07 lita 4.2, CB650R lita 4.9. A wata, wannan ya zama lita 69, lita 83 da lita 97, wato naira 69,000, naira 83,000 da naira 97,000. Idan muka ƙaddara Boxer yana cin kilomita 45 da lita ɗaya, lita 44 za ta ishe shi.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000 ne. Mafi tsimi a cikin biyar ɗin yana shanye kusan albashin mutum guda a tanki. Tazarar CB500F da CB650R kuwa naira 28,000 ce a wata, naira 336,000 a shekara. Kuma waɗannan lambobin na gwaji ne a tuƙi mai natsuwa. Goyo, zafin bazara da hannu mai nauyi duk suna ƙara su.

Girman tanki ma yana da magana. Cikon CB500F zai kai kilomita 480 da wani abu a lissafi, MT-07 kimanin 330, CB650R kimanin 310. Amfanin wannan ya wuce nisan zango. Duk biyar ɗin ba su da kafireta, injekta ke fesa musu mai, kuma famfon da ke cikin tanki ba ya shiri da datti ko ruwa. Babban tanki yana ba mutum damar wuce 'yan bumburutu har ya isa gidan man da ya yarda da shi.

Santimita 13 daga ƙasa

Ga lambar da ba a cika kallo ba: tazarar cikin babur da ƙasa. Z650 milimita 130, SV650 135, MT-07 140, CB500F 145, CB650R 150. Ƙaramar cikinsu ba ta cika taƙi guda ba. A ƙarƙashin nan salansa da tukunyar baƙin mai suke, babu wani ƙarfe da ya kare su.

A kan kwaltar Kano zuwa Wudil zuwa Shuwarin, wannan ba damuwa ba ce. Amma tudun rage gudu da mutanen unguwa suka gina da kansu, ko hanyar burji da damina ta zaizaye, kan iya fasa tukunyar mai a bugu ɗaya. Wanda rabin tafiyarsa ƙauye ce, wannan aji gaba ɗaya ba nasa ba ne.

Kujera kuma tana tsakanin milimita 785 da 810. SV650 ne mafi ƙasa, CB650R mafi tsayi. Santimita biyu da rabi kamar ba komai ba ne, sai ranar da mutum ya tsaya a yashi da kilo 200 a tsakanin cinyoyinsa, yatsun ƙafa kaɗai ke taɓa ƙasa.

Kuɗin da ke zuwa a baya

A Amurka, sabon MT-07 ya kai kusan dala 8,200 a 2023. A farkon shekarar, da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kuɗin bai cika naira miliyan 4 ba. Idan dala tana naira 1,500, ya haura miliyan 12, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Shi ya sa tokumbo ne hanyar akasarin masu saye, kuma kowane kayan gyara da dala ake auna shi.

Tayar baya ta MT-07 da CB650R mai faɗin milimita 180 ce, ta sauran ukun 160; wadda ta fi faɗi ta fi tsada. Yamaha ya ce a duba bawul na MT-07 bayan kilomita 40,000, Suzuki ya ce 24,000 ga SV650. Ga mai zuwa Kano kullum, na farko wata 20 ke nan, na biyu shekara guda. CB650R yana da fulogi 4 da bawul 16, sauran injinan suna da bawul 8. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, tana cin sarƙa, tun kafin lokacin da littafin Turai ya ƙayyade. Kafin a biya kuɗi, a fara nemo makanikin da ke da na'urar karanta kwamfutar babur ɗin, a kuma san inda yake.

Lambar da ta shafi rai

A gudun kilomita 100, babur yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan gudu ya ninka daga 50 zuwa 100, ƙarfin karo da nisan da birki ke buƙata sau huɗu suke ninkawa. Nazarin cibiyar IIHS ta Amurka na 2021 ya gano cewa baburan da ke da birkin ABS sun yi ƙasa da kashi 22 cikin 100 wajen haɗarin da ke kisa, idan aka gwada su da irinsu marasa shi. Turai ta wajabta ABS a kan sababbin baburan da suka haura cc 125 tun 2016 zuwa 2017, amma a Amurka an ci gaba da sayar da Z650 da SV650 marasa shi. Mai sayen tokumbo ya duba da idonsa, ya ga fitilar ABS ta kama ta kuma mutu bayan babur ya motsa. Kuɗin hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu da takalmi, a cikin kuɗin babur ake lissafa su.

Inda lissafin ya tsaya

Wanda ya taso daga Boxer, yake kuma zirga-zirgar Kano, CB500F ne alƙaluma suka nuna masa: mai kaɗan, tanki babba, ƙarfin da hannu zai iya koya. Gajeren mutum mai son ƙarin ƙarfi ya gwada Z650 ko SV650, ya dai kula da tudu. Wanda ya riga ya goge, MT-07 ya fi kowa sauƙin nauyi da saurin amsawa. CB650R kyakkyawan inji ne da aka ƙera domin hanyar da babu garke a kanta.

Daidai ruwa, daidai tsaki. A kara, mai hankali ba ya sayen sa don tsawon ƙahonsa. Yakan duba ƙafa da haƙori, ya lissafa dusar da zai ci kafin damina. Wanda ya iya wannan cinikin ranar Juma'a ya riga ya iya zaɓen babur.