Tsagewar gilashin gaban mota: Yaushe ake gyarawa, yaushe ake sauyawa?

Duk mai bin manyan hanyoyin ƙasar nan, musamman inda ake aikin titi kamar hanyar Abuja zuwa Kaduna har Kano, ya san ƙarar da tsakuwa ke yi idan tayar tifa ko tirela ta cillo ta kan gilashin gaba. Sau da yawa abin da ke biyo baya ɗan tabo ne da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Mai mota ya duba, ya ga bai hana shi ganin hanya ba, sai ya manta da shi. Bayan makonni kaɗan tabon ya zama tsaga mai tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, abin da za a iya gyarawa cikin rabin awa ya koma sayen sabon gilashi, a lokacin da farashin kayan mota da ake shigowa da su ke bin tashin dala.

Sanin yadda aka ƙera wannan gilashi shi ne zai taimaka wa mai mota ya gane lokacin da gyara zai wadatar da lokacin da babu makawa sai an sauya.

Gilashi biyu a jikin mota ɗaya

Gilashin gaban mota ya bambanta da na tagogin gefe da na baya. Na gefe da na baya a yawancin motoci falle ɗaya ne da aka gasa da zafi mai tsanani sannan aka sanyaya shi da sauri. Wannan yana ba shi ƙarfi, amma da zarar ya fashe sai ya ruguje gaba ɗaya ya zama ƙananan ɓarɓashi kamar tsakuwa. Irin wannan ba ya gyaruwa ko kaɗan.

Na gaba kuwa falle biyu ne na gilashi, an manne su da wata siririyar leda mai ƙarfi a tsakiya da ake kira PVB, wadda kaurinta bai cika milimita 1 ba (galibi milimita 0.76). Wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai ɗan ƙasar Faransa mai suna Édouard Bénédictus ne ya yi rajistar wannan dabara ta manne gilashi biyu a shekarar 1909. Amfanin ledar shi ne, ko gilashin ya farfashe, tana riƙe gutsattsarin a wuri ɗaya, ba sa watsowa fuskar direba.

Wannan tsari shi ne ya sa gyara ke yiwuwa. Tsakuwar da ta bugi gilashi daga waje yawanci fallen waje kawai take ɓantarewa, ledar tsakiya da fallen ciki suna nan lafiya. Aikin mai gyara shi ne ya cike ramin da ke fallen wajen tun kafin ya bazu.

Akwai wani abin da masu motoci da yawa ba su lura da shi ba. A motocin zamani ana liƙa gilashin gaba a jikin mota da gam mai ƙarfi na foliyuretan, don haka yana cikin abubuwan da ke tallafe rufin mota idan ta kife. Haka kuma a motoci da dama jakar iskar da ke kare fasinjan gaba tana fitowa ne ta jingina da gilashin kafin ta tare mutum. Gilashin da ya raunana, ko wanda ba a liƙa shi da kyau ba, yana iya gazawa a daidai wannan lokaci.

Me ke sa ƙaramin tabo ya bazu?

Gilashi yana jure danni, amma ba ya jure ja. Duk inda aka samu tsaga, ƙarfin da ke jan gilashin yana taruwa ne a bakin tsagar, don haka ɗan motsi kaɗan ya isa ya ƙara mata tsawo. Abubuwa uku ne ke haddasa wannan motsi a yanayinmu.

Na farko shi ne bambancin zafi da sanyi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, gilashin motar da aka ajiye a rana kuma ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Idan direba ya shiga ya ƙure na'urar sanyaya mota, fallen ciki ya tsuke alhali na waje yana buɗe, sai tsagar ta tafi. Haka abin yake idan aka watsa ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi a wurin wankin mota.

Na biyu shi ne jijjiga. Ramukan titi, tudun rage gudu da aka haye da ƙarfi, har ma da buga ƙofa alhali duk tagogi a rufe, dukansu suna murɗa jikin mota, gilashin kuma yana ɗaukar rabonsa.

Na uku shi ne datti. Ƙurar hunturu, ruwan damina, sabulun wanki da ruwan goge gilashi duk suna shiga cikin ramin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ramin da ya cika da ƙura ba ya karɓar maganin gyara yadda ya kamata, ko an gyara tabon zai ci gaba da fitowa fili.

Matakin farko bayan tsakuwa ta buga

Abu mafi sauƙi kuma mafi amfani shi ne a goge wurin da busasshen ƙyalle, a manna farin salatif mai ganin ciki a kan tabon daga waje. Salatif ba ya hana tsaga tafiya, aikinsa shi ne tare ƙura da ruwa har a isa wurin mai gyara. Daga nan a ajiye motar a inuwa, a rage ƙarfin sanyi, a guji wanke ta, a kuma kai ta gyara cikin kwana ɗaya ko biyu.

A guji ɗiga gam mai saurin kamawa da aka fi sani da sufa-gulu, ko jan farce, a cikin ramin. Waɗannan suna toshe bakin ramin ne kawai ba tare da sun shiga cikin tsagar ba, kuma suna hana maganin gaskiya shiga daga baya.

Yadda ake gyaran

Ƙwararren mai gyara yakan fara da tsabtace ramin, ya cire ɓarɓashin gilashi, ya tabbatar wurin ya bushe sarai. Wani lokaci yakan ɗan huda bakin tabon da siririn abin huji domin buɗe hanya. Sai ya kafa wata na'ura mai kama da sirinji a kan wurin. Na'urar tana zuƙe iskar da ta maƙale a cikin tsagar, sannan ta tura wani ruwa mai kama da ƙaro, wanda ake kira rezin, ya ratsa kowane lungu. Akan maimaita zuƙa da turawa har sai babu sauran iska.

Bayan haka sai a haska wurin da fitila mai hasken ultrabayolet, wanda ke sa rezin ya sandare cikin mintuna kaɗan. Shi ya sa ake yin aikin a inuwa, domin hasken rana yana ɗauke da irin wannan haske, zai iya daskarar da maganin tun bai gama shiga ba. A ƙarshe a cike bakin ramin, a kankare abin da ya yi saura da reza, a goge. Yawanci aikin ba ya wuce minti 30 zuwa awa 1.

Dalilin da ya sa tabon ke dusashewa shi ne, abin da ido ke gani a tsaga iska ce da ke karkatar da haske. Rezin yana ratsar da haske kusan daidai da yadda gilashi ke yi, don haka idan ya maye gurbin iskar sai wurin ya washe. Sai dai ya kamata mai mota ya sani cewa tabon ba ya ɓacewa ɗari bisa ɗari. Manufar gyaran ita ce dakatar da tsagar da maido da ƙarfin gilashin.

Inda gyara ba ya isa

Tabo mai zagaye kamar idon sa, ko mai rassa kamar tauraro, wanda faɗinsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, shi ya fi karɓar gyara. Gajeriyar tsaga ma tana gyaruwa idan sabuwa ce kuma ba ta yi datti ba. Amma akwai yanayin da sauyawa ce kaɗai mafita.

Idan tsagar ta kai bakin gilashi ko ta faro daga can, to ta taɓa wurin da gilashin ya fi ɗaukar nauyi. Idan aka shafa daga cikin mota aka ji kaifin tsagar, fallen ciki ma ya taɓu ke nan. Idan ledar tsakiya ta yi fari kamar madara, ruwa ya riga ya shige ta. Haka nan idan tsagogin suna da yawa, ko doguwar tsaga ta ratsa gilashin, ko kuma lalacewar tana daidai saitin idon direba, inda ko ɗan tabon da ya rage bayan gyara zai iya warwatsa hasken fitilun motoci da dare.

Wasu ƙasashe sun sanya wa wannan ma'auni. A gwajin lafiyar mota na shekara-shekara a Birtaniya, an ware wani yanki mai faɗin milimita 290 a saitin sitiyari. Lalacewar da ta wuce milimita 10 a wannan yanki tana iya kayar da mota a gwajin, a sauran wuraren da waifa ke sharewa kuma iyakar ita ce milimita 40. A Najeriya, tuƙi da farfasasshen gilashin gaba yana cikin laifukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke cin tara a kansu.

Idan sauyawa ta zama dole

A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas, ana samun sabon gilashi da wanda aka ciro daga wata mota, masu kyau da marasa kyau. Kafin a biya kuɗi, a duba tambarin da ke kusurwar gilashin. Kalmar LAMINATED tana nufin mai falle biyu ne. Alamar AS1 ita ce ta ma'aunin Amurka ga gilashin gaba, harafin E a cikin da'ira tare da 43R kuma na ma'aunin Turai ne. Gilashin da aka rubuta wa TEMPERED ko AS2 bai dace da gaban mota ba, komai arharsa. Araha ba ta ado. Idan na hannu ne, a ɗaga shi a haske a duba gefunansa, domin ana yawan ji masa ciwo wajen cirewa.

Liƙawar ma tana da muhimmanci kamar gilashin kansa. A tabbatar mai aikin ya yi amfani da gam na foliyuretan, ba silikon na kafa tagar gida ba, ya kuma magance duk wata tsatsa da ke bakin ƙarfen kafin ya ɗora. A tambaye shi tsawon lokacin da gam ɗin ke buƙata kafin a hau titi, a kuma bar taga a ɗan buɗe a ranar farko. Motocin da ke da kyamara a bayan madubin tsakiya, wadda ke lura da layin titi da taka birki da kanta, suna buƙatar a sake saita kyamarar bayan an sauya gilashi.

Batun inshora ma abin dubawa ne. Inshorar dole da yawancin masu motoci ke yanka, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 daga watan Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da mutum ya yi wa wani ne kawai, ba ta shafi gilashin motarsa ba. Mai cikakkiyar inshora kuwa ya kamata ya karanta takardarsa ya ga abin da ta tanada kan gilashi.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Barin tazara mai yawa tsakanin mota da tifar da ta ɗauko tsakuwa, rage gudu a inda aka zuba sabon dutse, da sauya robar waifa kafin ƙarfenta ya fara kartar gilashi, duk suna rage haɗarin. Idan kuma tsautsayi ya faɗa, ɗan salatif a aljihun mota da zuwa wurin mai gyara cikin kwana biyu sukan ceci gilashin gaba ɗaya.