Umaru Dikko: Ministan da Akwati Ya Hana a Yi Masa Hisabi

A majalisun dattawa na Unguwar Sarki ko Tudun Wada, in aka ambaci Umaru Dikko, kafin mai magana ya rufe baki wani zai ce, "Na cikin akwati?" Matasa ma iyakar abin da suka sani ke nan. Ni kuwa na yi wayo a Kadunan nan zamanin Shagari, lokacin da sunansa ya fi na gwamna nauyi a bakin 'yan kasuwa da 'yan kwangila, kuma a ganina akwatin nan ya rufe mana abin da ya fi shi muhimmanci.

An haife shi a Wamba, cikin Jihar Nasarawa ta yau, ranar 31 ga Disamba 1936, amma asalin gidansu Zazzau ne. Ya yi Kwalejin Barewa, ya yi digiri a fannin lissafi a Landan, ya kuma yi aiki a Sashen Hausa na BBC. A can, ina zato, ya goge da iya sarrafa harshe, baiwar da ta ɗaga shi kuma ta ja masa. Da Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a 1967, Kaduna ta zama hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, gwamnan soja Abba Kyari ya naɗa shi kwamishina yana ɗan shekara talatin da kaɗan.

Ga abin da ake yawan tsallakewa. A 1979 Dikko ya nemi kujerar sanata a Jihar Kaduna a jam'iyyar NPN, ya faɗi. Shekarar ce kuma Balarabe Musa na PRP ya kayar da Lawal Kaita a takarar gwamna, kodayake 'yan NPN ne suka cika majalisar dokoki a Lugard Hall, suka hana shi naɗa kwamishinoni, suka tsige shi a watan Yuni 1981. Mutanen gida ba su ba Dikko ƙuri'a ba, amma shi ne ya ja ragamar yaƙin neman zaɓen Alhaji Shehu Shagari. Sai ga wanda ya faɗi zaɓe ya zama Ministan Sufuri, ya fi waɗanda suka ci zaɓen ƙarfi nesa ba kusa ba. Ikonsa daga kunnen shugaban ƙasa yake, ba daga mazaɓa ba, don haka babu wani talaka da zai tare shi a hanya ya ce, "Ranka ya daɗe, ina alkawari?"

Ya karɓi ma'aikatar ne a daidai lokacin da Indiyawa na kamfanin RITES ke gudanar da hukumar jiragen ƙasa, daga 1979 zuwa 1982. Kawuna, wanda ya tsufa a aikin reluwe, ya sha gaya mini cewa a shekarun nan jirgin Legas zuwa Kano yakan iso kusan a kan lokaci, albashi ma ba ya makara. Da kwangilar ta ƙare suka tattara suka tafi, sai komai ya koma gidan jiya. Rabon laifin minista a nan abin a zauna a tattauna ne, amma ba a taɓa zaman ba, domin shinkafa ta cinye hirar.

Shagari ya ɗora shi a kan kwamitin shugaban ƙasa na shigo da shinkafa. Mai karatu na yau na bukatar ya gane yadda abin yake. Kuɗin man fetur sun yi yawa, naira ta fi dala daraja, saboda haka shinkafar Amurka da ta Tailan ta fi ta manomin gida araha da kyan gani. Gwamnati ta ce ba mai shigo da ita sai da lasisi. Daga nan takardar kanta ta zama haja. Ɗan jam'iyya da bai taɓa sayar da ko mudu ɗaya ba zai samu kasonsa, ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa babban ɗan kasuwa, kowa ya ɗora ribarsa. Kafin buhu ya sauka a babbar kasuwar Kaduna, kuɗinsa ya ninka. Mahaifiyarmu takan ce da shinkafa tana da baki, da ta lissafa hannayen da suka taɓa ta. Duk wannan kuwa ana yin sa ne a ƙarƙashin gwamnatin da ke shelar juyin juya halin noma.

Farashin mai ya faɗi, a watan Afrilu 1982 aka kawo dokar tsuke bakin aljihu, masaƙun Kaduna suka fara rage ma'aikata. Cikin wannan hali aka ruwaito Dikko yana cewa ba a yunwa a Najeriya tunda bai ga ana tsintar abinci a bola ba. Wannan magana ta fi kowace tuhuma yi masa illa. Duk da haka ya sake jagorantar kamfe a 1983, NPN ta lashe har da Kaduna.

Ranar 31 ga Disamba 1983, ranar da ya cika shekara 47, sojoji suka kifar da gwamnati, Janar Muhammadu Buhari ya hau. Dikko ya sulale ta kan iyaka ya isa Landan, yana ta caccakar sojoji a kafafen yaɗa labarai, su kuma suka sa shi a sahun gaba na waɗanda suke nema. Ranar 5 ga Yuli 1984 wasu mutane suka cafke shi a ƙofar gidansa da ke unguwar Bayswater, suka jefa shi a mota. Sakatariyarsa, Elizabeth Hayes, ta hango ta kira 'yan sanda. A filin jirgin sama na Stansted, inda jirgin Nigeria Airways ke jira, wani jami'in kwastan mai suna Charles Morrow ya lura cewa manyan akwatuna biyu da aka ce na ofishin jakadancin Najeriya ne ba su da cikakkiyar alamar kayan diflomasiyya. Aka buɗe. Ga minista a sume an yi masa allura, ga likita ɗan Isra'ila a gefensa yana kula da numfashinsa. Kotun Ingila ta ɗaure 'yan Isra'ila uku da wani ɗan Najeriya, Manjo Mohammed Yusufu, shekara 10 zuwa 14. Gwamnatin Najeriya ta ce ba da saninta ba, dangantakar ƙasashen biyu kuma ta yi tsami har wajen shekara biyu.

Duk wanda ya kitsa wannan aiki, Dikko ya yi wa gata. Kafin ranar, mutum ne da ake zargi da wawure dukiya, wasu har suna ambaton dala biliyan ɗaya. Bayan ranar, ya zama wanda aka zalunta, kuma babu wata gwamnatin Birtaniya da za ta miƙa shi ga waɗanda ake zargi da sa shi a akwati. 'Yan siyasar zamaninsa da suka tsaya a gida sun gurfana gaban kotunan soja, gwamnoni irin su Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo suka sha ɗauri. Shi kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa yana cewa bai ɗauki ko kwabo ba, kuma bai taɓa tsayawa gaban alƙali an baje takardun shinkafa ba. Masoyansa ba su samu hukuncin da zai wanke shi ba, masu zarginsa ma sai dai su nanata abin da suka ji.

A zaman gudun hijira ya karanta shari'a ya zama lauya. Ya dawo a 1994 ya shiga taron tsara kundin tsarin mulki na gwamnatin Janar Sani Abacha, mutumin da muryarsa ce ta sanar da juyin mulkin da ya kore shi. A 2013, zamanin shugabancin Bamanga Tukur, jam'iyyar PDP ta naɗa shi shugaban kwamitinta na ladabtarwa. Ya rasu a Landan ranar 1 ga Yuli 2014, yana da shekara 77.