Tsohon Babur: A Duba Ƙarfen Ƙafar Baya Kafin A Biya

Duk wanda ke cin kasuwannin ƙauye tsakanin Tasawa, Kanan-Bakashe da Mayahi a jihar Maraɗi ya san yadda rairayi ke cin abin hawa. Shi ya sa har yanzu wasu ke neman tsofaffin babura masu dogayen ƙafafu irin su Yamaha DT 125, su kai wa bakanike ya tada su, don ɗaukar buhun gero ko na wake.

Sai dai da yawanmu inji da fenti kawai muke dubawa, mu manta da ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da ƙafar baya. Alhali a kansa nauyin direba, fasinja da kaya yake sauka. Idan ya karye a tsakiyar daji, asarar ba ta tsayawa kan kaya kaɗai, har rai tana iya taɓawa.

Abu na farko, a san samfurin babur. Tsofaffin DT shokozoba biyu gare su, amma daga ƙarshen shekarun 1970 kamfanin ya koma yin mai guda ɗaya, kuma ƙarfen wannan ba ya shiga wancan.

Na biyu, a ɗaga ƙafar baya a girgiza ta hagu da dama. In tana rawa, ko bushin ya cinye ko ramin ya buɗe. A duba tsagewa wajen mahaɗa da inda sarƙa ke goga. Sabon fenti a kan tsohon ƙarfe abin tuhuma ne, domin yakan ɓoye walda ko tsatsa. A kuma zura sanduna biyu a ramukan gaba da na baya. In ba su daidaita ba, ƙarfen ya murɗe, zai riƙa cin taya da sarƙa.

Na uku, baƙin ƙarfe ya fi dacewa da mu. Na alminiyom ya fi sauƙin nauyi, amma in ya tsage sai an nemi walda ta musamman, wadda ba kowane gari ake samu ba. Tsohon ƙarfe na asali mai lafiya ya fi sabo marar kauri, domin araha ba ta ado.

Ku ma iyayenmu mata da ke ɗora kayan sana'a a bayan ɗan kabu-kabu, in kun ji bayan babur yana lilo a hanya mai kyau, ku ce ya tsaya a duba kafin a ci gaba da tafiya.